Ajiyar Husaina Cikin Akwatin Likkafanina

Da sunan Allah zan buɗe baki, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu. Fadila, ki rubuta yadda nake faɗi, kar ki gyara mini magana. Sunana Kaltume, haihuwar Matankari, aure ne ya kawo ni Dogon Dutsi. Ban yi lekol ba, wato boko, allon ma ban yi nisa ba, abin salla dai na samu, alhamdulillahi. Labarin ɗiyata Husaina zan ba da, wagga mai shagon buga takardu da hoto kusa da tasha, da labarin wani ɗan ƙarfe da ya daɗe cikin akwatina, wanda muryar 'yar'uwarta take ciki.

Haihuwata ta uku Allah ya ba ni tagwaye, duka mata, Hasana da Husaina. Kamarsu ta yi yawa. Malam, mahaifinsu, Allah ya jiƙan shi, har ya bar duniya in ya kira ɗaya sai ya tsaya ya ga wadda ta waigo. Jan zare na ɗaura ma Hasana ga hannu don mutane su huta da tambaya. Ni ban taɓa bukatar zaren ba. Ko ina bayan ɗaki na ji dariya na san ta wace ce. Hasana in ta yi dariya, daga ƙarshe sai ta ja numfashi kamar mai shaƙuwa. Husaina ko tata ciki take yin ta, kafaɗu kaɗai za ki ga suna rawa.

Kin san yadda muke da tagwaye nan Arewa. Abin da anka yi ma ɗaya a yi ma ɗayan, rana guda, iri guda. Yayar Malam, Gwaggo Marwa, da ke zaune Matankari, ba ta taɓa shigowa gidanga da ƙwai ɗaya ba, sai biyu, don ta ce in ka ɓata ma tagwaye rai kunama za ka taka. Ita gidan bori ta tashi, sunayen iskoki sun fi sunayen jikokinta zama bakinta. Ni zancen kunama ban ɗauke shi ba. Amma daidaita su na riƙe, don na ga adalci ne, kuma addini bai hana adalci ba. Har sunka yi aure, in salla ta zo atamfa iri ɗaya nake yanka masu.

Hali kam kowace da nata. Hasana baki gare ta, kasuwa ta so tun tana ƙarama, lekol bai riƙe ta ba. Ta ga Isma'ila mai sayen hatsi ta ce shi take so, anka ɗaura, ta tare Kore Mairuwa. Husaina shiru-shiru ce, kuma ba ta yar da komi. Takardar alewa, tsinken kitso, guntun ƙyalle, duk tana da gwangwanin da take tara su. Ta yi karatu har birebe, jarrabawar ƙarshen kwaleji, yayanta da ke Yamai ya ɗauke ta ta koyi ordinatar, wadda wasu ke ce ma kwamfuta, ta dawo ta kama ɗan shago. Mai neman a buga mishi takardar mairi, ofishin magajin gari, ya zo, mai hoton kati ya zo, malaman lekol su zo da tambayoyin jarrabawa, masu biki su kawo hotuna a wanke masu. Ta yi aure nan cikin gari, mijinta bai hana ta shagon ba.

Shekararta ta farko da shagon ne abin ya same ta. Wani mushe, malamin lekol, ya yi wata da watanni shina kawo mata rubutun hannunshi tana bugawa, littafi guda, na neman ƙarin girma wurin aiki. Saura kaɗan su gama, wata safiya ta kunna ordinatar ta ƙi tashi. Anka kai wurin mai gyara, ya ce abin da ke riƙe da komi cikin cikinta ne ya mutu, diski suke ce mishi. Husaina ta gaya mini mutumen bai yi faɗa ba. Zama ya yi bisa benci, ya tuɓe hula ya ɗora ga gwiwa, ya daɗe shina kallon ƙasa. Ta ce da zaginta ya yi da ya fi mata sauƙi. Ta sake buga mishi tun daga fari har yatsunta sunka kumbura, da ta gama ta hau mota ta tahi Yamai.

Da ta dawo ta shigo mini da wani abu baƙi, shimfiɗaɗɗe, bai kai tafin hannuna faɗi ba. Ta ce shi ma diski ne, ɗan'uwan na cikin ordinatar. Na tambaye ta ko abin da ya fi amfani za ta riƙa tsinta tana zubawa ciki. Ta ce a'a, ba tsinta ake ba. Duk abin da na farko ya sani sai wanga ya san shi, takardu da hotuna da yadda ake tashi da safe da inda kowane abu yake ajiye, har in na cikin ya mutu a zare shi a sa wanga, ordinatar ba za ta gane an canza mata ba. Na ce ashe tagwaye ne. Kafaɗunta sunka yi rawa, ta ce tagwaye ne, Inna, amma waɗanga ba su kwana ɗaki ɗaya.

Wannan ya yi mini nauyi da fari. Nawa tabarma guda sunka kwana har ranar da anka zo ɗaukar Hasana. Ta ce in wuta ta kama shago, ko ɓarawo ya shiga, ko ruwa ya faso rufi, in suna tare duka za su tahi. Don haka ɗaya shago, ɗaya wurina. Ta ce ba ya son faɗuwa, ba ya son laima, ba ya son rana. Na duba ɗakina ban ga wurin da ya fi akwatin ƙarfena ba, inda likkafanina yake, wanda babban ɗana ya zo mini da shi daga Makka ya jiƙa shi da zamzam ya shanya. Ba mai buɗe akwatin nan sai ni. Na naɗe abin cikin tsohon ɗankwali, na sa cikin ƙaramar langa, na rufe. Husaina ta nemi jan zare ta ɗaura mishi, ta ce don kar wata rana ta rikita su. Na ji daɗi.

Daga nan Jumma'a ta zama tamu. In ladan ya yi kiran farko, maza sun watse masallaci, sai ta rufe shago ta sa ordinatar cikin jaka ta hau moto, ɗan babur ɗinta, ta taho. Mu yi azahar tare, mu ci dambu da zogale, ta wanke hannu ta goge sosai, sannan ta ce, Inna, ɗauko ajiya. Ta ɗora su bisa ɗan tebur cikin inuwar zaure, ta haɗa su da wata guntuwar waya. Ba ta taɓa dannawa da gaggawa ba. Sai ta duba ta sake dubawa wane ne mai bayarwa wane ne mai karɓa, don ta ce in anka juya su, tsohon zance ne zai hau bisa sabo, aikin mako guda ya tahi. Ta yi bisimilla, ta danna. Wata 'yar wuta shuɗiya ta kama ƙyaftawa jikin na jan zare, wani layi kuma ya riƙa jan ciki bisa gilashi, sannu sannu kamar jakin da anka yi ma lodin damma daga gona.

Kafin layin ya kai ƙarshe ba mai taɓa tebur. Kaji ma korarsu nake da zangarniya. Wani lokaci kafin la'asar an gama, wani lokaci, in mako ya yi biki da yawa, sai rana ta sauka bayan dutsi. Tsakanin nan ni in yi mata kitso, ita ta yanke mini farce, ta ba ni labarin mutanen shago, wanda ya zo hoton kati ya ce a rage mishi furfura, da tsohon da ya ce a buga mishi takardar koke da manyan baƙaƙe don a san ranshi ya ɓaci. Mu kira Hasana ta talho, ta cika mana gida da surutu daga Kore Mairuwa, ta ce mun ware ta muna cin dambu. Ni dai ban ga kwanakin da sunka fi waɗannan daɗi ba, Fadila. Lokacin Malam shina da rai, in ya dawo masallaci ya leƙo ya tambaya ko tagwayen ƙarfe sun gama gaisawa, a ba shi tebur ɗinshi.

Cikin irin zaman nan ne na koyi abin da ya yi mini amfani daga baya. Na tambaye ta, in anka ƙara abu ga na shago, na akwati zai samu? Ta ce zai samu ranar Jumma'a. Na ce in anka cire fa? Ta ce shi ma za a cire mishi. Na ce har ɓarna? Ta ce har ɓarna, Inna, shi bai san mai kyau da marar kyau ba, daidaita kanshi da ɗan'uwanshi kaɗai ya sani. Shi ya sa ba ta haɗa su sai ta tabbata na shago lafiyarshi lau.

Amfanin abin mun gan shi da idonmu wata damina. Anka yi ruwa da tsawa tsakiyar mako, kuran, wutar lantarki, ya ɗauke ya dawo, diskin shago ya mutu. Sai ga ta ranar da ba Jumma'a ba, zane jiƙe, ta ce in ba ta ajiya. Nan gabana ta kwance cikin ordinatar da wani ɗan ƙarfe mai tsini, ta zare mataccen ta sa na jan zare, ta kunna. Ta tashi kamar ba abin da ya faru, tana tsaye inda Jumma'ar da ta wuce ta bar ta. Aikin kwana kaɗan ne ya ɓata, masu shi kuma suna gari, sunka sake kawowa. Da sabon diski ya iso daga Yamai ta juye mishi komi, na jan zare ya komo akwatina. Tun daga ranar na riƙa sa shi cikin addu'a tare da sauran abin da ke gidan.

To, Hasana ba ta rubutu ga talho, magana take aikowa. Safe ta aiko, marece ta aiko, farashin gero, wadda ta haihu, wadda ta yi yaji, abin da ta dafa. Talhon Husaina in ya cika, kin san halinta na gwangwani, ba ta sharewa, juye su take cikin ordinatar. Hotunan bikin Hasana suna ciki, da na sunan ɗiyarta Raihana. Kowace Jumma'a abin da ya ƙaru shina gangarowa cikin akwatina, ni ban ko lura ba, don mai maganar tana nan da ranta, in na so jin ta kira kaɗai ne.

Raihana ta fara tafiya ke nan zazzaɓi ya kama Hasana. Anka kawo ta likita nan Dogon Dutsi, ba ta daɗe ba Allah ya karɓi abinshi. Ba zan tsaya nan ba. Isma'ila mutumen kirki ne, ya bar mini yarinyar ta tashi hannuna. Talhon Hasana ya shiga cikin kayan gado, ya faɗa hannun wani ƙanen mijinta, ya wanke shi tas ya sa nashi layi. Bai yi da mugunta ba, bai dai yi tunani ba.

Abin ya fi cin Husaina bisa kowa. In ta bi hanya masu zuwa gaisuwa sai su razana, wata mata har ta saki tulu. Raihana in ta gan ta sai ta miƙa hannu tana kiran Inna. Ga ta da ƙaramin ciki, abinci ba ya zama. Ta rame har ɗan kunnenta ya yi mata nauyi. Maƙwabcin shagonta ya gaya mini in ba kowa sai ta kunna maganganun Hasana ta zauna tana saurare, mai takarda ya yi sallama ba ta ji ba. Ta ce mini tana mafarkinta, tana tsaye ƙetaren ruwa tana yafuto ta.

Ranar sadakar arba'in Gwaggo Marwa ta zo daga Matankari. Ta dubi Husaina, ta ja ta ɗaki. Ta gaya mata tagwai in ya tahi shina kiran ɗan'uwanshi, kowa ya san haka tun kakanni, kuma ku kun ɗaure muryarta cikin ƙarfe kuna kunnawa, ta ina za ta samu ta wuce. Ta ce ta saki muryar in tana son ta sauka lafiya. Ba na zargin Gwaggo, don so ta faɗa, ita ta yanke ma yaran nan cibi. Da can Husaina ita ce mai tsokanarta, ta ce a buga ma Doguwa, iskar borin Gwaggo, katin ɗan ƙasa. Amma mai ciki da ke mafarkin 'yar'uwarta ba ta da wagga dariya. Ranar Alhamis ta zauna shago ta share komi na Hasana, murya da hoto, na ordinatar da na talho.

Jumma'a ta zo kamar kullum. Munka yi salla, ta taɓa dambu kaɗan. Tana wanke hannu take gaya mini abin da ta yi jiya, ba ta dube ni ba, ta ce ta ji sanyi cikin ranta. Sannan ta ce in ɗauko ajiya.

Na tashi har na kai ƙofar ɗaki. Raihana tana barci bisa tabarma, ƙafa ɗaya waje. Na tsaya na tambaye ta, "In kin haɗa su yau, abin da kika share can, zai share nan?"

Ta ce, "Zai share."

Na ce, "Akwai wani wuri da ya rage ban da akwatina?"

Ta ce babu. Na komo na zauna.

Ta jira, ta ga ban motsa ba. Ta ce, "Inna, kayana ne fa. Takardun mutane na mako guda suna nan ba su da ɗan'uwa, ga damina ta kama."

Na ce, "Ƙarfen naki ne. Muryar da ke ciki ba taki ba ce, ba tawa ba ce, ta marainiyar ga ce da ke kwance. Uwarta ba ta bar mata gona ba, ba ta bar mata saniya ba. Ban iya tsayawa gaban Allah a tambaye ni kayan maraya in ce ni na miƙa da hannuna."

Ta ce ashe na fi son ta bi Hasana. Maganar ta soke ni, har yau in na tuna ina jin wurin. Na ce mata ajali ba ya zuwa da kiran kowa, ranar da anka rubuta mata tun tana cikina anka rubuta, kuma ba rana guda anka rubuta masu ba, da tare sunka tahi. Na ce ban ce ta saurara ba, ban ce ta duba ba, kar ta ƙara jin muryar har ƙarshen rayuwarta in ba ta so. A bar shi dai ya kwanta inda yake. Ta naɗe wayarta, ta sa ordinatar cikin jaka, ta hau moto. Ba ta yi mini sai anjima ba.

Jumma'ar da ta biyo ba ta zo ba, da wadda ta bi mata. Ni kuma ban fasa dambu ba. In na kwashe in aika mata nata shago, rabon Hasana kuma in ba da sadaka ƙofar masallaci, don hannuna ya saba da kwano biyu. Kwanon yakan dawo wanke, ba saƙo. Daminar nan duk sanda hadari ya haɗo daga gabas sai in riƙa tuna mushen nan da hularshi bisa gwiwa, ina cewa in na shago ya mutu yanzu ni na ja mata. Na yi ta roƙon Allah ya tsare mata shi. Wani lokaci in buɗe akwati in dubi langar in rufe. Ban canza magana ba.

Gero ya fara fidda kai, wata Jumma'a na ji moto ƙofar gida. Ta shigo, cikin ya fito, fuska ta ɗan ciko. Ta durƙusa ta gaishe ni kamar jiya munka rabu, na amsa kamar haka ne. Bayan munka ci abinci ta buɗe jaka ta fiddo wani sabon diski, shuɗi, ta ajiye bisa tebur.

Ta ce, "Inna, ga Gambo na kawo maki."

Kin san wanda ya biyo tagwaye shi ake ce ma Gambo. Na yi dariya har hawaye, ita ma kafaɗunta sunka motsa, rabon da in ga haka tun kafin rasuwar. Ta ce daga yau Gambo ne mai aikin Jumma'a, na jan zare kuma ya huta. Na samo mishi tashi langa. Watan da anka yi girbi ta haihu lafiya, namiji, anka sa mishi Luƙman.

Sai dai ta gaya mini gaskiya tun ranar, ba ta ɓoye ba. Ta ce diskin da anka bari kwance ba a tashe shi, shi ma shina iya mutuwa cikin barci, kuma yanzu shi kaɗai ne, ba ya da ɗan'uwa. Maganinshi a buɗe shi a kwashe abin da ke ciki a mayar cikin ordinatar. Na ce to a yi. Ta ce ba yanzu ba, hannunta ba zai iya ba. Ban matsa ba, kuma ban yarda in kai ma wani ba, don sirrin ɗiyana ne da takardun mutanen gari. Shekara ta zagayo in tuna mata, ta ce ba yanzu ba. Malam ya rasu, Gwaggo Marwa ta rasu, Gambo ma ya tsufa anka canza shi da wani, sunan dai bai canza ba. Na jan zare shina nan gefen likkafani. Duk bazara in zafi ya tsananta sai in jawo akwatin daga jikin bango in yayyafa ruwa ga daɓen ɗaki, ina tsoron kar ya dahu ciki.

Raihana ta girma ta shiga lekol. In ta tambayi kamannin uwarta kowa sai ya ce ta dubi Husaina, ai ita ce. Da fari takan yarda. Bara, wata Jumma'a, layin Gambo shina jan ciki, ina yi ma Husaina kitso, yarinyar ta zauna gabanmu da kwanon dambu ta dubi Husaina, wadda take ce ma Tanti, ta ce, "Tanti, kowa cewa yake ke ce ita. To ita wace ce?"

Na ji kan Husaina ya yi nauyi cikin hannuna. Na ci gaba da kitso. Sai da layin ya kai ƙarshe, ta zare Gambo ta miƙo mini, sannan ta ce, "Inna, ɗauko na jan zare."

Zaren ya koɗe ya koma kamar ƙasa. Ta hura mishi ƙura, ta yi bisimilla, ta haɗa. Wutar ba ta kama ba. Ta zare, ta goge bakin wayar da gefen mayafi, ta sake sawa. Ya yi wani ɗan ƙara ciki kamar mai gyaran murya, ya yi shiru, ya sake. Ni carbi ne hannuna, ban san abin da nake ja ba. Can sai 'yar wutar ta ƙyafta. Husaina ba ta tsaya sauraren komi ba, ta ce sai an fara kwashewa tukuna, kar ya gaji bisa hanya. Munka zauna muna kallon layi, wanga karon daga akwatina yake komawa cikin ordinatar. Da ya kai, ta sauke numfashi, ta jawo Raihana kusa, ta taɓa ɗaya daga ciki ba tare da ta zaɓa ba.

Sai ga Hasana cikin zaurena. Ba wata babbar magana take ba. Mita take bisa atamfar salla, wai Husaina ta gaya ma Inna mun girma, har yaushe za a riƙa yanka mana iri ɗaya kamar 'yan lekol, ita kore take so bana. Raihana ta dubi Husaina ta ce ai wannan muryar Tanti ce. Kafin a ba ta amsa, cikin maganar anka ji jinjira tana gwalan-gwalan, Hasana ta ce, ke Raihana, saki mini ɗan kunne, za ki tsinke mini kunne, sai ta fashe da dariya, daga ƙarshe ta ja numfashin nan nata.

Yarinyar ta ce a mayar. Anka mayar. Ta ce Tanti ba ta dariya haka. Na ce ba ta yi. Ni na daɗe da sanin inda Raihana ta samo tata dariyar, ban dai taɓa faɗa ba. Husaina tana zaune da rabin kitso, hawaye suna sauka, amma ba ta kashe ba, ita ce ma ta taɓa na gaba.

Ranar ba ta tahi da wuri ba. Ta ce in sake ɗauko Gambo, ba za ta jira wata Jumma'a ba, yau za a daidaita shi. Munka yi la'asar, munka yi magariba, wutar tana ƙyaftawa, na ƙarasa mata kitson da hasken da ya rage. Yanzu muryar tana shago, tana cikin Gambo, tana cikin na jan zare, Raihana kuma an zuba mata tata cikin wani ƙarami da take ratayawa ga wuya ranar salla.

Haka Husaina take har yau. Furfura ta fara fito mata gefen kunne, mutanen tasha Hajiya suke ce mata ko da ba ta tahi Makka ba tukuna, kuma ba ta fasa Jumma'a ba sai in ciwo ko haihuwa. Na gaya mata ranar da za a buɗe akwatin nan don ɗaukar likkafanina, kar rikicin mutuwa ya sa a ture langogin, ta fara cire su ta samo masu wani ɗaki da ba shagonta ba. Ta ce in bar wannan zance. Na ce ajiya ce, dole in faɗi.

Ga kiran farko can an fara, yanzu za ki ji motonta. Ki ba ta takardar ga ta buga ta sa cikin ordinatar kafin ta haɗa su, don ta kwana akwatina yau. Allah ya jiƙan Hasana da mahaifinta da Gwaggo Marwa, ya haskaka kabarinsu, ya raya mana waɗanda sunka bari. Tashi ki wanke hannu, dambu ya yi.